Kawu da Moton da Ya Daina Hawa

Kawuna ya rasu a kan hanya cikin daminar nan, Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Har aka tashi daga zaman makoki a Salaga, da wuya a sami wanda ya yi mini gaisuwa bai haɗa da zancen moto ba. Moto muke cewa a nan, abin da 'yan'uwanmu na gabas ke kira babur.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bagwanjiya, 'yar asalin ƙasar Gwanja, ita ta fara. Ta kama hannuna tana hawaye, da Hausarta ta zango ta ce, "Tsoho ya yi kirki, wallahi. Amma kai ma! Mutum ido babu, ka bar shi ya hau moto?" Babban ɗan Kawu da ya zo daga Kumasi bai ko dube ni ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji, "Na hana. A waya na hana, kowa shaida ne." Wani tsohon abokin cinikin Kawu na shanu ya zo daga Karaga, da aka ba shi labari sai ya tuntsire da dariya a tsakiyar mutane, dariyar ta juye kuka, aka kama shi aka fitar. Matar Kawu kuwa tambaya ɗaya ta yi mini, da muka keɓe a ɗaki: ya samu ya yi la'asar? Na ce ya yi. Ta gyaɗa kai.

Ni ce na zauna a bayansa a wannan tafiya, kuma ba zan yarda a riƙa tuna shi a matsayin tsohon da ya rikice ya je ya kashe kansa ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ƙanen mahaifiyata ne, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Mma, wato mahaifiyata, ita ta goye shi. Ina ƙarama ta ba matarsa riƙona, don haka a gidansa na tashi a Bawku, katanga ɗaya tsakaninsa da namu. Dillalin dabbobi ne, dogo, mai ƙaramar murya. In ya fasa goro, babban ɓarin yake ba ka. Ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, ko mai wucewa ne sai ya kira shi. Yana da zuciya kuma, kada a ce na ɓoye. In ya ce abu, ko ya ga kuskure ne da idonsa, sai ya kai shi ƙarshe.

Moton nan ja ne, irin na da, wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur, mai hayaƙi da ƙara. Dattijuwa yake kiransa. Duk safiya sai ya goge shi da tsumma kafin ya wanke nasa idon, matarsa na mita. Mata nawa ya kai asibiti a kansa suna naƙuda, ban sani ba. A kansa ya koya mini tuƙi, yana gudu a bayana yana ihu, "Saki kuloci a hankali, ke mai kan dutse!"

Sai shekarun da gari ya lalace suka zo. Ba zan ambaci kowa ba, kowane gida ya yi nasa kukan. Wata ranar kasuwa Kawu ya dawo da hantsi, ya tuna ya bar wata saniya ba a ɗaure ba a kara, wato kasuwar shanu, ya kira wana, ɗan Mma na fari, ya miƙa masa makulli. Mma ta leƙo ta katanga ta ce kada yaron ya fita, jikinta bai ba ta ba. Kawu ya ce, "Yaya, yanzu na fito daga can, gari lafiya lau." Wana ya tayar da moto ya fita yana dariya. Bayan azahar wasu mutum biyu suka turo moton gida da hannu. Gawar sai da yamma aka kawo.

Mma ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Ta sa aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu, ta daina amsa gaisuwarsa. Da zaman ya gagare shi, ya kwashe mu zuwa Salaga, inda kakanninmu suka yi fataucin goro. Moton a cikin motar albasa ya zo, kwance a tsakanin buhuna. Ya jingine shi a bayan madafa, ya rufe da tsohuwar tabarma, bai sake taɓa shi ba. Masu saye sun zo, ya kore su. Kaji suka mai da shi wurin ƙwai. Mutumin da ba ya zuwa ko masallacin ƙofar gida sai a kan moto, ya koma tafiya a ƙasa, har na yi aure, har na aurar da 'yata.

Ni ina zuwa Bawku duk shekara. Kullum sai ya ba ni goro da gaisuwa in kai, kullum Mma sai ta karɓi goron ta ba maƙwabta, gaisuwar kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Idonta ya tafi gaba ɗaya a 'yan shekarun nan, jiki ya yi rauni. Bayan babbar sallar bana ina zaune ina tsefe mata kai, sai na ji ta ce, "Moton nan yana nan?"

"Wane moto, Mma?"

"Kada ki raina mini hankali."

"Yana nan. Kaji na ƙwai a kansa."

Na ci gaba da tsifa, har na ɗauka ta bar zancen. Can ta ce, "Ran nan na ji fitarsa. Ina tankaɗe na ji ya sha kwanar masallaci, na bi shi da kunne har ya ɓace. Amma ban ji shigowarsa ba, turo shi aka yi. Tun ranar kunnena yana ƙofa, na gaji. Ki ce wa ƙanena ya hau shi ya shigo mini da shi da kukansa. In ya yi haka zan ba shi ruwa ya sha."

Shi ma Kawu yanar ido ta fara rufe masa gani, mutum sai ya matso yake gane shi. Ga shi kuma gari ya sake ɗaukar zafi, an sake hana maza hawa moto a cikin Bawku, mata kaɗai aka bari. A lokaci irin wannan, kukan inji a lungu kulle ƙofa yake sa mutane. Duk hanyar komawa ina tunanin in haɗiye saƙon. Amma wa ya isa ya haɗiye magana irin wannan, bayan su biyun duk sun kusa?

Na same shi a zaure yana jan carbi, na faɗa masa kamar yadda ta faɗa. Ya tashi ya zaga bayan madafa, ya yaye tabarmar, kaza ta yi tsalle tana kyarkyara. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan tankin ya ce, "Dattijuwa, an kira mu."

Wayyo, halin da moton nan yake ciki! Tayoyi sun tsage, sarƙa ta yi tsatsa ta kafe, ɓeraye sun cinye kujera, zanzaro ya yi gini a cikin salansa. Na ce a kira fita, mai gyara, ya ce ba hannun da zai shiga cikin Dattijuwa sai nasa. Ya shimfiɗa buhu a inuwar mangwaro, ya kwance komai ya jera. Da yake ido ba ya taimako, da yatsa yake gane kowane ƙarfe. Ni ce 'yar aike. In na tashi daga kasuwa, inda nake sayar da busasshen kifi, sai ya ce in nemo fulogi, in nemo wayar birki, in nemo kaza da kaza. In na kawo ya shafa ya ce, "Wannan na yaran yanzu ne, mai da shi." Na ce, "Kawu, wanda ya ƙera irin naka ya daɗe a kabari." Ya ce to in je kabarin in tambayo.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda ya canja. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba a jin muryarsa, sai ga shi yana wanke kabireta da kananzir yana ɗan waƙe-waƙe. Ya koma cin tuwo da yawa. Yana tsokanar matarsa. Ita kuwa ba ta dariya. Wata rana ta ja ni gefe ta ce, "Kin ga ya ba wa liman agogonsa? Jiya kuma ya ba maƙwabci rediyo. Ni wannan farin cikin bai kwanta mini ba."

Ranar da Dattijuwa ta tashi, da hantsi ne. Ya yi bisimilla ya taka kik, shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta takawa har gumi ya jiƙa masa riga, ina cewa ya bari in gwada yana ture ni. Can sai ta yi tari, ta sake, ta kama da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Awaki suka watse. Ni kuwa rabona da jin wannan kukan tun ranar da wana ya fita. Na dubi Kawu. Yana riƙe da hannun moton, hawaye na bin gemunsa, bakinsa kuma a buɗe da dariya.

Muka yi yarjejeniya: shi hannu, ni ido. Duk ranar da zan je Makango sarin kifi, sai in bar nawa moton in hau bayansa. Ina leƙe ta kafaɗarsa ina faɗa, "Rami a dama! Akuya! Kawu, akuya na ce!" Shi kuma yana cewa, "Na gan ta tun tana cikin uwarta." Ƙarya yake, bai gan ta ba. Ranar farko kamar mai koyo, moton yana rawa, yana mutuwa a giya. Amma hannu bai manta ba. Kafin mako ya zagayo ya fara kwantar da ita a kwana, yana saurarar inji yana canja giya daidai lokacin da ya kamata. In muka gangara muka hango tafki, da kwale-kwale da jirgin fito mai zuwa Yeji, sai ya ƙara wuta, iska ta cika masa riga, ya ɗaga murya ya ce, "Ke! Ashe haka na cuci kaina?" Masu kifi suka saba da mu, suna yi masa kirarin ango. Ya zauna a bakin ruwa ya ci soyayyen kifi da yaji, yana kallon moton kamar yau ya saye shi.

Zan faɗi gaskiya, ni ma na ji daɗin kwanakin nan. Amma ko sau ɗaya ban hau bayansa ba tare da fargaba ba.

Babban ɗansa ya samu labari, ya bugo waya yana faɗa. Ya ce a ɗauki mota, a ɗora moton a sama, in an kai ƙofar gida a tayar. Kawu ya ce, "Cewa ta yi in hau." Ɗan ya ce, "Baba, maza ba sa hawa a garin nan yanzu. In ba a kama ka ba, wani zai ji ƙara ya ɗauka wani abu ne. Ka san abin da nake nufi." Kawu ya ce, "In sun tsayar da ni zan ce yayata ce ta kira ni. Duk wanda ke da yaya zai gane." Ya miƙo mini wayar ya koma goge fitila. Ɗan ya ce da ni in ɓoye makulli. Na ce masa ya zo da kansa ya ɓoye, tunda shi ne namiji.

Da safen da za mu tashi na ga ya ɗaure wani ƙunshi a kariyar bayan moton, cikin leda, ya yi masa ɗaurin kirki. Na ɗauka tsaraba ce. Na taɓa, na ji yadi, na ɗan buɗe na ga fari sol.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Likkafani."

"Sauke shi! Wallahi ba zan zauna a kan wannan abin ba."

"Kakanninki da suka yi fatauci, wa kika ji ya fita ba nasa? Ba ka ɗora wa mutanen wani gari nauyi. Hau mu tafi, rana na yi."

Matarsa tana tsaye a ƙofa. Ba ta ce a sauka lafiya ba, ta dai ce ya yafe mata, shi ma ya ce ta yafe masa. Na hau, ƙunshin yana dannar bayana.

Hanyar Bimbila a damina ba ta da kirki. Ja ce, ga taɓo, ga ramuka cike da ruwa waɗanda ba ka san zurfinsu ba. Muryata ta dushe da faɗar rami. Sau biyu muka faɗi a laka, a hankali, muka tashi muna zagin juna. Hadari ya taso daga gabas tun azahar, baƙi ƙirin, ya bi mu bai zubo ba kuma bai watse ba. Ƙauyukan da muke wucewa shiru, kowa na gona. A wani wuri muka ci karo da mutane ɗauke da makara, Kawu ya tsaya ya kashe inji har suka wuce, ya tambaye ni babba ne ko yaro. Na ce ban sani ba. Daga nan na lura numfashinsa ya canja, ina jin sa ta bayansa, gajere-gajere. Na ce ya ba ni in karɓe shi. Ya ce in bari, daɗi yake ji.

Kuma da gaske yake. Da muka hau kwalta kusa da Yendi sai ya sake ta. Ya ɗauko wata waƙar masu koro shanu da ban taɓa ji a bakinsa ba, yana yi yana buga tanki da hannu ɗaya, ina ihu ya riƙe da biyu.

Muka sauka da la'asar a gidan da yake sauka tun zamanin cinikin shanu. Mai gidan na da ya rasu, ɗansa ne ya karɓe mu. Kawu ya sauko, ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya dafa ni yana dariya ya ce Dattijuwa ta fi shi ƙarfi. Ya yi alwala, ya yi salla a zaune a zaure. Aka kawo koko, ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Ya jingina da bango inda yake hango moton, ya kira ni.

"In na yi nauyin tashi, kin san hanya."

"Wane irin zance ne wannan? Sha kokonka."

"Ki ji ni. Kada ki tura ta. Ko me ya faru, kada ki tura ta."

Na tashi in ɗebo masa ruwa. Da na dawo na same shi kamar yadda na bar shi, kansa ya ɗan karkata, carbi a cinya. Hadarin nan sai a lokacin ya zubo.

Mutanen Yendi, Allah ya saka musu. Da safe suka yi masa sutura da yadin da ya zo da shi, suka kai shi. Babban ɗansa bai samu isowa ba. A waya ya ce in sa moton a mota in koma Salaga, na kashe wayar. Na dai roƙi kowa kada a bugo wa Mma, don a wurinmu ba a gaya wa tsoho mutuwa ta waya, mutum ake aikawa. Na cika tanki, na zuba baƙin mai yadda ya koya mini, na kama hanyar arewa ni kaɗai.

Ban san yadda na gangara dutsen Nakpanduri ba. Abin da na sani, bayana sanyi yake, kuma sau da yawa na ji bakina na shirin cewa rami, ba wanda zan gaya wa. A shingen shiga Bawku wani mai bindiga ya tsayar da ni, ya dubi fuskata, ya dubi moton, ya ɗaga hannu na wuce. Gari tsit, rumfuna rabi a rufe tun rana na sama. Ina tafe ƙarar na gabana, ina ganin mata na janye yara, ana turo ƙofofi.

A kwanar masallaci na tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannuna a kan makulli. In na shiga da kukanta, Mma za ta ɗauka shi ne, in ba ta farin ciki in ƙwace a take. In na kashe na tura, na yi mata abin da aka yi mata ran nan. Na tsaya har wani tsoho ya leƙo ta taga. Sannan na saki kuloci a hankali.

Mma tana tsakar gida a tsaye. An gaya mata mun taso, kuma ashe tun jiya take zaune da moɗar ruwa a rufe da faifai. Tana riƙe da ita da hannu biyu, fuskarta na fuskantar ƙofa.

"Ƙanena," ta ce. "Ƙanena, ka zo?"

Ta tako tana lalube, ta taɓa fitila, ta bi ƙarfe har ta sami hannuna. Ta shafa yatsuna, ta ji zobe, ta ji awarwaro. Ta tsaya. Sannan ta miƙa hannu bayana, ta shafa kujerar tun daga farko har kariya.

Ta daɗe hannunta na wurin.

"Har ina ya tuƙo?"

"Har Yendi, Mma. Da hannunsa. Bai ba ni ba ko sau ɗaya."

"Ya sha wuya?"

"Waƙa yake yi."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙo mini moɗar ta ce, "Sha. Ke ya aiko." Na sha ina kuka, ruwan na haɗuwa da majina. Hayaƙi ya cika gidan, maƙwabta sun fara taruwa a ƙofa, na kai hannu zan kashe injin. Ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Yanzu ya shigo."